Lambu Da Tsakar Gida: Renon Itaciyar Ƙarya A Zungeru

Wata malamar makarantar firamare daga Zungeru, cikin ƙaramar hukumar Wushishi ta Jihar Neja, ta aiko wa wannan fili da takarda tana neman shawara a kan wata itaciyar ƙarya da take reno cikin tukunya a tsakar gidanta. Ta ce mahaifiyarta ce ta zo mata da reshen daga Katsina shekara 9 da suka wuce, lokacin da ta zo yi mata wankan jego. Yanzu kuwa Allah ya yi wa mahaifiyar rasuwa, wannan itaciya ita ce abin da take dubawa ta tuna da ita. A daminar bana sai ta ga ganye ya soma yin rawaya yana zuba, gindin da a da yake da tauri kamar goran duma ya yi laushi ta gefe guda, in an danna sai yatsa ya lotsa. Ta ƙara mata ruwa, ta ƙara taki, abin sai daɗa lalacewa yake yi.

Tambayoyinta uku ne. Na farko, ko itaciyar za ta tashi. Na biyu, me ya sa tun da take da ita ba ta taɓa ganin ta yi 'ya'ya ba. Na uku, ko gaskiya ne abin da maƙwabta ke faɗi cewa tana da dafi, domin akwai yara ƙanana da awaki a gidan. Da yake wannan matsala ta shafi masu karatu da yawa, musamman mazauna wuraren da ake samun ruwan sama sosai kamar Minna da Bida da Abuja da kudancin Kaduna, filin wannan mako zai tsaya ne a kanta.

Asalinta da sunanta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san itaciyar ƙarya ko da bai taɓa tambayar sunanta ba. Gajeriya ce, mai kumburarren gindi da kakkauran rassa masu santsi, sai ka ce kuka ce aka hana ta girma. Furenta ja-ja ne mai haske, bakinsa ya fi cikinsa ja, yana da kunnuwa 5 da ɗan bututu a tsakiya. Abin mamaki gare ta shi ne takan fi yin fure da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ita kanta ta kakkaɓe ganyenta, har mutum ya ga sanduna tsirara ɗauke da furanni. Tun zamanin da akan dasa ta a ƙofar gida da cikin garuruwa domin ado.

Asalinta ƙasashen da ruwa bai wadata ba, tun daga Senegal da Muritaniya, ta bi ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta kuma haye zuwa kudancin ƙasar Larabawa. A can Yaman ne wani masanin tsire-tsire ɗan ƙasar Suwidin mai suna Peter Forsskal ya rubuta bayaninta, cikin wata tafiyar bincike da Sarkin Denmark ya tura a 1761. Mutumin ya rasu a Yaman cikin 1763, sai a 1775 aka buga aikinsa. Cikin 1819 aka raɗa mata sunan da masana ke kiranta da shi har yau, watau Adenium obesum, kalma ta biyun kuwa ma'anarta mai ƙiba. Turawan Ingila suna kiranta wardin hamada. A wajen dangantaka kuwa gidansu ɗaya da tumfafiya da kwankwani, wannan da mafarauta ke haɗa dafin kibiya da shi.

Sunanta na Hausa ma ya daɗe da shiga littafi. Wani likita ɗan Sikotilan, Dokta J. M. Dalziel, wanda ya fara aiki a Afirka ta Yamma cikin 1905, ya zagaya Arewa yana tattara tsire-tsire yana tambayar sunayensu, kuma Zungeru na cikin wuraren da ya ɗebi samfuri. A lokacin kuwa garin shi ne hedkwatar Turawan mulki ta Arewacin Nijeriya, daga 1902 zuwa 1916, kafin a mayar da ita Kaduna. Cikin 1916 ya fitar da littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa, inda ya kawo sunan wannan itaciya da dalilin sunan, wanda ya yi daidai da abin da kowane Bahaushe ya sani cikin karin magana, cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Nan gaba kaɗan za a ga inda karin maganar ya yi gaskiya, da kuma inda itaciyar take da abin faɗi.

Abin da ya sa Zungeru ke yi mata wuya

Kumburarren gindin nan rumbun ruwa ne. Da shi itaciyar take tara abin da za ta sha cikin watannin rani, kamar yadda raƙumi ke jure wa doguwar tafiya. A wurarenta na asali takan tsiro ne a kan jigawa ko a tsakanin duwatsu, inda in ruwa ya sauka da safe, kafin la'asar ƙasa ta tsane. Saiwoyinta sun saba da su sha su ƙoshi, sa'an nan su bushe su sami iska.

Zungeru kuwa gari ne na bakin kogin Kaduna, wanda a kansa ne aka gina babbar madatsar wutar lantarki mai megawat 700 da aka fara aikinta cikin 2013. Damina a wannan yanki takan fara tun cikin Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma ruwan da ake samu a shekara a kewayen Minna ya kai kimanin milimita 1,200, watau kusan ninki biyu na abin da ake samu a Katsina ko Sakkwato. Cikin Agusta da Satumba in marka ta kankama akan yi kwana da kwanaki ƙasa ba ta bushe ba, rana ba ta fito sosai ba, iska kuma cike da raɓa. In itaciyar tana cikin tukunya mai ƙasar laka, ko wadda ba ta da isassun kafofi, sai ruwa ya kwanta a gindinta. Saiwa ta rasa iska, ta mutu, ƙwayoyin cuta masu ruɓar da tsiro su sami hanya, su bi ta saiwa su hau cikin gindi.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne alamar yawan ruwa ta yi kama da ta ƙishirwa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, saboda haka sai ganye ya yi yaushi ya yi rawaya, mai ita kuwa ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara kwarara mata. Abin da ya faru ga malamar Zungeru ke nan. Akwai hanyar rarrabewa. Itaciyar da ke jin ƙishirwa gindinta yakan ɗan yamutse ko'ina daidai, launinsa bai sake ba, ba ya wari, ƙasar tukunya kuma a bushe take. Wadda ta fara ruɓa kuwa laushin ta wuri guda yake farawa, wurin ya yi duhu, ya riƙa tsattsafo da ruwa mai ɗoyi, alhali ƙasa jiƙe take sharkaf.

Yadda ake ceton wadda ta fara ruɓa

Wannan aiki ba ya son jinkiri, domin ruɓa takan ci gindi duka cikin 'yan kwanaki. Ranar da aka gane, ranar za a yi shi. A sa safar hannu ko a ɗaura leda a hannu, a kwantar da tukunya a zare itaciyar gaba ɗaya, a kakkaɓe ƙasar, a wanke saiwoyin domin a ga iyakar ɓarnar. A samo wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, a ƙona bakinta da wuta a bar ta ta huce. Sai a riƙa yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗan kaɗan har a kai ga tsoka mai tauri, fara sol, wadda ba ta da ɗigo ko zane mai launin ƙasa. Kada tausayi ya sa a bar wani ɗan tabo, domin daga nan cutar za ta sake tashi. Duk sa'ad da aka yanke ruɓaɓɓen wuri a goge wuƙar a sake ƙona ta kafin a taɓa lafiyayye.

In an gama, a barbaɗa wa ciwon garin gawayi, ko busasshiyar toka, ko garin farar wuta in akwai. Daga nan a rataye itaciyar a inuwa mai iska, inda ruwan sama ba ya kaiwa, yara da dabbobi kuma ba sa isa, a bar ta kwana 7 zuwa 10 har bakin ciwon ya bushe ya yi ɓawo. Kada a ji tsoro za ta mutu a rataye, abin da ta tara a jikinta ya ishe ta fiye da haka. Bayan nan a dasa ta cikin sabuwar ƙasa busasshiya, a bar wurin da aka yanke a sama da ƙasa in zai yiwu, kada kuma a ba ta ruwa sai bayan mako guda. Tsohuwar ƙasar a zubar da ita nesa, tukunyar kuma a wanke ta a shanya a rana kafin a sake amfani da ita.

In kuwa aka tarar ruɓa ta ci gindin duka, har yanzu da sauran dabara. A yanko rassan sama masu tauri, tsawon inci 6 zuwa 8, a duba bakin yankan a tabbata fari ne, a shanya su a inuwa kwana 3 ko 4, sa'an nan a kafa su cikin rairayi mai ɗan danshi. Cikin 'yan makonni waɗansu za su yi saiwa. Reshen da ya kama, itaciyar nan ce dai ta farko ba wata ba, kamar yadda ita ma ta samu daga reshen da aka ɗauko a Katsina. Saboda haka ko gindin bai tsira ba, kyautar mahaifiya ba ta ɓata ba. Yana da kyau ma malamar ta yanki reshe 2 ta kafa tun yanzu, kafin a ga yadda uwar za ta kasance.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar yumɓu irin wadda mata ke ginawa ta fi ta roba ko ta siminti, domin jikinta yana numfashi, ruwa yana fita ta ko'ina. Ta zama mai faɗin baki, marar zurfi sosai, kamar kasko, kuma kada ta fi gindin itaciyar girma da yawa. Tazarar inci 2 tsakanin gindi da bakin tukunya ta isa. Babbar tukunya takan riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. A huda gindin tukunyar wuri 4 ko 5, kowace kafa ta kai shigar ɗan yatsa, a ɗora ta a kan duwatsu ko bulo domin kada ta zauna cikin ruwa, gara kuma kada ta sami hanyar hawa.

Wajen ƙasa, mutanen Zungeru sun yi dace, domin abin da ake bukata yana kusa da su. A ɗebo rairayin kogi mai manyan ƙwayoyi, irin wanda magina ke so, kashi 2. A haɗa da ƙananan tsakuwa ko dakakkiyar marmara da gutsattsarin gawayi kashi 1, da ƙasar lambu mai kyau kashi 1. A ƙara ɗan tafin hannu na takin shanu ko na awaki wanda ya shekara ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen taki da kashin kaji sabo suna ƙona saiwa, ƙasar fadama kuwa ita ce babbar maƙiyiyar wannan itaciya. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: a jiƙa shi a dunƙula a hannu, in an buɗe hannu ya warwatse to ya yi, in ya tsaya a dunƙule a ƙara rairayi.

Bayan shekara 2 ko 3 akan sake mata ƙasa, lokacin da ya fi kuwa shi ne ƙarshen hunturu, gab da shigowar bazara. Duk sa'ad da aka sake dasawa a ɗaga gindin sama da inci 1 fiye da yadda yake a da. Ta haka kumburin da ke ɓoye cikin ƙasa yake fitowa fili, ya ƙara mata kyau, ya kuma nisanta ta daga danshi.

Wurin ajiya da ban ruwa

Waɗansu sukan saye ta domin su ƙawata ɗaki, su ajiye ta a kusurwar falo, bayan wata 2 su ga rassa sun yi tsawo sun sirance, fure kuwa babu. Itaciyar rana ce, tana bukatar hasken rana kai tsaye na sa'a 6 ko fiye a kowace rana. Wanda yake son ta a ɗaki sai ya ajiye ta a bakin taga mai samun rana, ko kuwa ya shigo da ita kwana 2 ko 3 lokacin da ta cika da fure, sa'an nan ya mayar da ita waje. Wadda ta daɗe a inuwa ba a fitar da ita tsakar rana farat ɗaya, domin fatarta takan ƙone. A fara da hantsi, a riƙa ƙara mata lokaci har mako 2.

Ban ruwa yana bin yanayin shekara ne. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zungeru kan kusanci awo 40 a ma'aunin zafi, itaciyar tana toho tana fure, tana kuwa shan ruwa sosai. A wannan lokaci a ba ta har sai ya zubo ta kafofin tukunya, sa'an nan a ƙyale ta sai ƙasa ta bushe. Hanyar sani ita ce a tura yatsa inci 2 cikin ƙasar, in an ji sanyi ko danshi a dakata, in an ji ta bushe a ba ta. A tukunyar yumɓu wannan yakan kama kwana 3 ko 4. A nan ne kuma ake sa mata ɗan taki, ko na gargajiya ko na zamani, amma kaɗan ƙwarai, sau ɗaya a wata, a nesa da gindi.

Da farkon damina ruwan sama ba ya cutar da ita in ƙasar mai tsanewa ce. Amma da zarar Yuli ya raba, sai a janye tukunyar zuwa ƙarƙashin baranda ko bakin rumfa, inda haske ke shiga amma ruwa ba ya dukanta, a kuma nisanta ta daga indararo da bakin kwano. A bar ta nan har ƙarshen Satumba, ana ba ta ruwa da hannu in ƙasa ta bushe. Wannan ɗan aiki na ɗaga tukunya shi ne ya fi kowane magani ga mazauna Jihar Neja da makamantanta.

Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, takan zubar da ganye ta huta. Nan ma waɗansu sukan firgita su yi ta ba ta ruwa, su kashe ta. Ruwa kaɗan sau ɗaya cikin mako 2 ya wadatar, da safe, ba da dare ba. Sanyin Zungeru bai kai ya cuce ta ba, amma masu karatu na Jos da tsaunin Mambila su sani ba ta son sanyin da ya sauka ƙasa da awo 10, sai su shigar da ita ciki da dare.

Ƙwarin da suka fi damunta su ne darɓa mai launin rawaya da ke taruwa a kan sabon toho, da wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da kuma wata koriyar tsutsa mai kauri da ke iya cinye ganyen ƙaramar itaciya cikin kwana 2. Tsutsar a tsince ta da hannu. Sauran kuwa a jiƙa sabulu kaɗan cikin ruwa, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. In an ga tururuwa na hawa da sauka a jikinta, a duba da kyau, akwai darɓa a kusa.

Fure ba 'ya'ya

Gaskiyar magana ita ce itaciyar ƙarya tana 'ya'ya, sai dai a gida ba a cika gani ba, kuma akwai dalili. Furenta yana da wuyar barbara. Garin namiji da kan mace suna ɓoye ne can cikin bututun, sai ƙwaro mai dogon baki ne ke iya kaiwa gare su. Bugu da ƙari, yawancinsu ba sa karɓar garin jikinsu, sai an kawo daga wata itaciyar dabam. To, a garuruwa kuwa da reshe ake yaɗa ta, wannan ya yanka ya ba wancan, wancan ya ba maƙwabcinsa, har a wayi gari duk na unguwa ɗaya asalinsu itaciya guda ce. Ko ƙwaro ya ɗauki gari daga wannan gida ya kai wancan, kamar bai fita daga jikinta ba ne. Mutanen da suka yi karin maganar sun faɗi abin da idonsu ya gani, kuma sun lura da kyau.

Wanda yake son ganin 'ya'yanta sai ya nemo ta biyu daga wani wuri dabam, ya fi kyau wadda aka shuka daga iri, ya ajiye su kusa da juna. In ƙwari ba su yi aikin ba, mutum na iya yi da hannunsa. Da safe a tsaga bututun sabon fure a hankali, a buɗe ɗan tsinin da ke tsakiya, a ɗebo garin da tsinken sakace, a kai shi cikin furen ɗaya itaciyar a shafa a ƙarƙashin kan macen. In ya kama, sai a ga kwanso 2 sun fito a haɗe, kowanne ya nufi gefensa kamar ƙahon sa. Sukan yi wata 2 zuwa 3 kafin su nuna. Tun kafin su tsage a ɗaure su da zare sako-sako, domin kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi, irin na tumfafiya, in kwanso ya buɗe iska ce za ta kwashe su.

Irin ba ya son ajiya, gara a shuka shi da wuri. A cire gashin, a kwantar da ƙwayar a kan rairayi mai danshi, a rufe ta da ƙasa kaɗan, a ajiye a wuri mai haske da ɗumi. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko kusa da haka. Ƙananan sun fi manya son danshi, amma su ma ba sa son kwantaccen ruwa. Amfanin shuka iri shi ne tun tana ƙarama take fitar da kumburarren gindi mai kyau, alhali ta reshe takan daɗe ba ta yi ba, kuma nata bai cika kai na iri ba. Cikin shekara 1 ko 2 za ta fara fure.

A wajen masu sayar da furanni na bakin titi a manyan garuruwa akan ga waɗansu masu fure fari, ko ja wur, ko mai ninki kamar wardi. Waɗannan aikin manoman furanni ne na ƙasashen Asiya, musamman Tailan da Taiwan, waɗanda suka ɗauki itaciyar Afirka suka yi ta haɗa iri har ta zama babbar sana'a. Yawancinsu aure aka yi musu, kamar yadda ake yi wa mangwaro, watau an ɗora reshen mai kyan fure a kan gindin ta gargajiya. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na sama. Mai saye ya danna gindin ya ji da tauri kafin ya biya. Kuma bai kamata a riƙa sayen manyan da aka haƙo daga daji ba, domin irin wannan gindi shekaru masu yawa ya ɗauka kafin ya kai haka, sau da yawa kuma ba ya rayuwa bayan an datse masa saiwa.

Batun dafi

Maƙwabtan malama sun faɗi gaskiya. Dukan jikin itaciyar, daga saiwa har fure, yana ɗauke da guba mai taɓa zuciya, ta fi yawa kuwa cikin ruwan da ke fita in an yanke ta. A sassa da dama na Afirka mafarauta sun yi amfani da ita wajen dafin kibiya, masunta kuma wajen kashe kifi. Wanda ya ci ta yakan yi amai da zawo, jiri ya kama shi, bugun zuciyarsa ya ragu ko ya rikice, abin kuma yana iya kai wa ga rasa rai. Ɗacinta yakan hana yaro ko dabba cin da yawa, amma ba a dogara da wannan.

Saboda haka a ɗora tukunyar a kan wuri mai tsawo ko a kewaye ta, a riƙa share furen da ganyen da suka zuba, rassan da aka yanke kuma a binne su, kada a jefa inda awaki ke kiwo, kada kuma a sa su a murhu. Wuƙar da aka yi aikin da ita a wanke ta da sabulu kafin ta koma madafa. Mai ciwo a hannu kada ya taɓa ruwanta. In ya fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na tsawon lokaci. In kuwa yaro ya tauna wani sashe nata, a cire abin da ya rage a bakinsa a garzaya da shi asibiti nan take, a tafi da guntun itaciyar domin likita ya san abin da yake fama da shi. Kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru. Haka kuma duk wanda aka ba shi saiwarta ko ɓawonta da sunan magani ya jiƙa ya sha, to ya nisance shi, domin tsakanin abin da zai yi aiki da abin da zai kashe tazarar kaɗan ce ƙwarai.

Wannan bai zama dalilin sare ta ba. Gidaje da yawa sun zauna da ita shekara da shekaru lafiya, kamar yadda ake zaune da wuta da wuƙa, kowanne an san wurin ajiyarsa.

Amsar malamar Zungeru ke nan a taƙaice. Tun da laushin gefe guda ne, akwai kyakkyawan zaton itaciyar za ta tashi, in an zare ta an yanke ruɓar ba tare da ɓata lokaci ba. Ta kafa reshe 2 a gefe domin ko ta kwana, ta sake mata ƙasa da rairayin kogi, ta ɗauke ta daga ruwan marka, ta kuma ɗaga ta inda hannun yara da bakin awaki ba sa kaiwa. In Allah ya kai rai bazara mai zuwa ta nemo mata abokiya daga wani gari, wataƙila ta ga abin da mahaifiyarta ba ta taɓa gani ba, watau 'ya'yan ƙarya.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba zabuwa da moda da karan masallaci, waɗanda su ma masu tara ruwa ne a jikinsu, da yadda ake renonsu a tsakar gida. Allah ya ba da sa'a.